Faifai biyu a ɗaki ɗaya ba ajiya ba ce

Duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina, kafin in bar shi ya riƙe kyamara sai na fara koya masa kwashe aiki daga memori. Idan ya gama, nakan tambaye shi kwafi nawa muke da shi yanzu. Ya ce, "Biyu, Oga." In ce ina suke? Sai ya nuna min kwamfuta, ya nuna min faifan ajiyar da ke jone da ita, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. To daga nan karatun yake farawa, domin a lissafina wannan kwafi ɗaya ne. Soket ɗaya suke shan wuta, rufi ɗaya ne a kansu, kwaɗo ɗaya ne a ƙofarsu. In wuta ta dawo da ƙarfi, tare za ta ƙona su. In ɓarawo ya fasa shago, tare zai zuba su a buhu. In rufi ya yi yoyo cikin watan Agusta, tare za su jiƙe.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce a Kano, sai ɗan aikin talla da na taro idan ya samu. Mai shirya fim idan ya rasa wata fitowa zai iya tara 'yan wasa ya sake ɗauka, ko da kuɗi zai ci. Mu ba mu da wannan damar. Ba a sake ɗaurin aure. Ba a sake lokacin da kaka ta kama hannun jikarta tana yi mata nasiha kafin a kai ta, kuma sau da yawa irin wannan ɗaukar ce take zama ta ƙarshe da dangi suke da ita ta tsohuwar. Shi ya sa maganar ajiya take tsaya min a rai fiye da maganar sabuwar kyamara ko sabon gilashi, waɗanda su ne hirar da muka fi yi idan 'yan sana'a muka haɗu.

Matsalar tana farawa ne daga girman kayan. Kyamara irin Sony A7 III, wadda da yawanmu muke aiki da ita, idan tana ɗaukar 4K a kan megabit 100 cikin daƙiƙa, giga 45 take ci a awa ɗaya. Bikin Kano kuma ba yini ɗaya ba ne: ga kamu, ga sa lalle, ga ɗaurin aure, ga dina, ga yini, ga buɗar kai. A ce kyamara uku ce, kowacce ta ɗauki awa shida a tsawon bikin, an wuce giga 800 ke nan, ba a sa na jirgin ɗauka daga sama ba, ba a sa hotuna ba. Biki ɗaya, tera guda. Masu ɗauka da ProRes kuwa, wani tsarin bidiyo da ba a matse shi sosai, awa ɗaya tak tana iya haura giga 300. Idan lokacin bukukuwa ya kama, bayan ƙaramar Sallah ko ƙarshen shekara, faifai mai tera huɗu ba ya kai wata biyu.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da kusan kowa yake bi yanzu, wadda ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ukun da biyun ba su da wuyar fahimta, kuɗin faifai ne kawai. Wannan ɗayan na ƙarshe shi ne inda muke faɗuwa, kuma shi ne mafi muhimmanci.

Idan ka saurari masu koyar da wannan a YouTube, amsarsu ɗaya ce: ka ɗora a rumbun intanet, wato ma'ajin da kamfanoni suke ba da haya ta intanet, ka kwanta. Ban ga laifinsu ba, intanet ɗin ƙasarsu suke lissafawa. Mu mu lissafa namu. Gudun da kamfanonin sadarwa suke talla da shi na saukewa ne. Na ɗorawa kullum ya fi ƙanƙanta, kuma shi ne ya shafe mu. Idan layinka yana ɗorawa a kan megabit 10 cikin daƙiƙa, ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba, tera guda zai ɗauki awa 222, wato kwana tara da 'yan awanni. Idan megabit 5 ne, kwana goma sha takwas. Wannan fa kwamfuta tana kunne dare da rana, sabis bai ɗauke ba, wuta ba ta ɗauke ba, data ba ta ƙare ba. Kafin bikin wannan makon ya gama hawa, na mako mai zuwa da na bayansa sun zo sun yi layi. Ga tsadar data, musamman tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace muka yi fiye da mako cikin duhu, ko 14 ga Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya shigo Nijeriya a farkon 2023, ya sauƙaƙa wa waɗanda suka iya saye, amma shi ma ɗorawarsa ba ta kusa da saukewarsa.

Saboda haka ni ɗanyen aiki ba ta intanet yake barin shagona ba. A jaka yake fita, a kan babur. Faifai mai tera huɗu da na ɗauka daga wajejen Zoo Road na kai gidan yayana a Rijiyar Zaki cikin rabin awa ya yi abin da layin intanet ɗina zai yi sama da wata yana fama da shi.

Ga yadda tsarin yake. Faifan waje guda biyu ne suke karɓa-karɓa. Ɗaya yana shago yana karɓar sabon aiki, ɗayan yana can gidan Yaya a cikin durowa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tunda dama nakan je gaida su, sai in tafi da na shago in dawo da na can. Na ɗaura abin ne a jikin ziyarar da ba na fashinta, don na lura duk tsarin ajiyar da yake buƙatar ka tashi takanas saboda shi, wata biyu yake yi ya mutu. Sharaɗin da ba na sassautawa shi ne kada faifan biyu su kwana a wuri ɗaya. Kuma ba na goge memorin kyamara sai aikin da ke kansa ya isa gidan Yaya. Wannan ya tilasta min sayen memori fiye da yadda nake so, amma tsakanin ranar biki da Juma'a mai zuwa, memorin nan da yake aljihuna ina kwana da shi a gida shi ne kwafina na waje.

Yaya ya taɓa tambayata, "Wai kai me ke cikin abin nan da kake lallaɓawa haka?" Na ce, "Yaya, auren mutane ne." Tun daga ranar ya hana yara buɗe durowar.

Akwai tambayar da nake yawan juyawa: nisan nawa ne ya isa? Wata unguwa ta isa ta kare ka daga ɓarawo da gobara. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris ɗin 2016, wadda ta ci dubban shaguna, ya san ajiye kwafi a shagon maƙwabci ko a layi na gaba ba dabara ba ce. Amma ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta nuna min wata unguwar ma ba kullum take isa ba, don ruwan ya shiga unguwanni da yawa a dare ɗaya. Daga nan muka yi yarjejeniya da wani abokin sana'a a Kaduna. Ayyukan da na gama na miƙa wa masu su, nakan tara su a faifai in aika masa ya ajiye, shi ma ya aiko min nasa. Babu kuɗi a tsakaninmu. Ba na ba direban tasha, sai dai in ni zan je, ko shi zai zo, ko wani wanda muka sani hannu da hannu.

Faifai mai juyawa yana da allura a ciki da take shawagi dab da farantin da ke ɗauke da bayanan, don haka faɗuwa ɗaya daga tebur, musamman yana cikin aiki, tana iya gamawa da shi. Nakan sa shi a jakarsa mai soso, in rataya a jikina, ba na ɗaure shi a bayan babur inda zai sha ramukan hanya. Ba a barinsa a mota cikin zafin Afrilu. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da damina kuma danshi, shi ya sa wanda zai daɗe a ajiye nake sa shi a leda mai zif tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. A jikin kowanne akwai farin tef da na rubuta lamba da shekara, sannan akwai littafi mai bango mai kauri da nake rubuta bikin wane yana faifai lamba kaza. SSD, wato faifan da ba ya juyawa, ya fi sauri kuma ba ya tsoron girgiza, da shi nake editin, amma ba na ajiyar shekaru a kansa, saboda cajin lantarki ne yake riƙe bayanan, kuma yana raguwa a hankali idan an daɗe ba a jona shi ba, balle a wuri mai zafi.

Abu biyu nake roƙon 'yan'uwana masu sana'a su riƙa yi. Na farko, a gwada sabon faifai kafin a yarda da shi. Kasuwa cike take da tsofaffin faifai da aka sa wa sabon gida, da memori na jabu da aka rubuta giga 256 alhali cikinsa bai kai 32 ba. Irin wannan yana karɓar aiki kamar gaske, sai an zo buɗewa a tarar babu komai. CrystalDiskInfo zai gaya maka awa nawa faifan ya riga ya yi yana aiki, H2testw kuma zai cika memorin ya karanta don ya tabbatar da girmansa na gaskiya. Duka kyauta ne. Na biyu, a daina kwafi da ja-ka-saki kawai. A yi amfani da manhajar da take auna kowane fayil bayan ta kwafa ta tabbatar ya yi daidai da na asali, kamar TeraCopy, ko abin kwafin da ke cikin DaVinci Resolve. Yana ƙara lokaci. Amma bidiyon da ya lalace wajen kwafi ba ya nuna alama, sunansa yana nan, girmansa yana nan, sai ranar da ka zo kansa a editin.

Duk wannan ba yana nufin na raina rumbun intanet ba. Ina amfani da shi, sai dai na san abin da nake ba shi. Bidiyon da aka gama tacewa, wanda bai cika wuce giga 15 zuwa 30 ba, shi yake hawa. Fayil ɗin editin, wanda 'yan megabait ne amma kwanakin aiki ne a cikinsa, yana hawa kullum da daddare. Sai zaɓaɓɓun wurare daga ɗanyen aikin: ɗaurin auren kansa, nasihar iyaye, addu'a. Nakan bar su a fayil-fayil yadda kyamara ta yanka su, ba na dunƙule su wuri ɗaya, domin idan sabis ya yanke, manhaja irin rclone za ta tsallake waɗanda suka riga suka hau ta ci gaba daga sauran.

Wajen zaɓen rumbu, a kula da farashin fita, ba na shiga kaɗai ba. Amazon suna da wani mataki da ake kira Glacier Deep Archive, kusan dala ɗaya a kan tera a wata. Da jin haka sai mutum ya ce ya samu. Amma in kana son kayanka sai ka jira awa 12 zuwa 48 kafin a fito da su, kuɗin sauke su kuma ya kai wajen dala 90 a kan tera, sannan ko ka goge da wuri sai ka biya na kwana 180. Ya dace da abin da kake fatan ba za ka taɓa nema ba. Backblaze B2 ya fi tsada a wata, wajen dala shida zuwa bakwai a kan tera, amma suna barinka ka sauke har ninki uku na abin da ka ajiye ba tare da ƙarin kuɗi ba. Google Drive ya fi sauƙin sha'ani wajen tura wa mai biki, giga 15 na farko kyauta ne, ko da yake ba ya karɓar fiye da giga 750 a rana. Mafi yawan waɗannan da dala ake lissafinsu, mu kuma da naira ake biyanmu. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tara tera ashirin a can, kuɗin hayarsa ya ninka uku ba tare da ya ƙara ko fayil ɗaya ba, kuma ranar da katinsa ya ƙi biya, agogon goge kayansa ya fara bugawa.

A kuma bambance tsakanin ajiya da daidaitawa. Folda da take daidaita kanta da Google Drive ko Dropbox, duk abin da ya faru a kwamfutarka shi zai faru a can. Yaro ya goge folda bisa kuskure, can ma ta gogu. Bairos ya kulle fayiloli, kullallun ne za su hau su maye gurbin masu kyau. Google yana riƙe abin da aka goge kwana 30 a kwandon shara, bayan nan shi ke nan. Haka akwatin nan mai faifai da yawa da ake kira RAID: yana ceto idan faifai ɗaya ya mutu, amma yana ɗakin, kuma abin da aka goge a kansa ya gogu a duka.

Su ma manyan kamfanonin ba su fi ƙarfin ƙaddara ba. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai waɗanda suka rasa komai domin kwafinsu na ajiya ma yana harabar. Kuskuren yarona ne dai na faifai biyu a ɗaki ɗaya, sai dai ɗakin ya fi girma. Hukumomin Amurka sun rufe Megaupload a Janairun 2012 da kayan mutane a ciki. Amazon da kansu sun rufe Amazon Drive a ƙarshen 2023. WhatsApp da YouTube kuwa ba ma'aji ba ne ko kaɗan, matse bidiyo suke yi, abin da za ka sauke ba shi ka ɗora ba. Akwai kuma kaset ɗin LTO da gidajen talabijin suke amfani da shi, LTO-8 yana ɗaukar tera 12 kuma ana yi masa lissafin shekara talatin, amma na'urar karanta shi dubban daloli ce. Sai dai in ƙungiya ce za ta haɗa kuɗi ta saya, kuma ina ganin ya kamata masu shirya fina-finanmu su yi tunanin haka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda masu koyarwa na waje ba sa tsayawa a kansa domin ba su san nauyinsa a wurinmu ba. Kamu da sa lalle taron mata ne. Matan aure suna rawa a cikin 'yan'uwansu, wasu ba mayafi, sun saki jiki don sun san na gida ne. An bar ni na shiga da kyamara, ko na tura yarinyar da take ɗaukar mana ɓangaren mata, bisa amana. Duk kwafin da na ƙara, na ƙara ƙofar da wannan bidiyon zai iya fita. Faifan da ya faɗi a hanya, ko aka sace, ko aka kai wurin mai gyara, duk wanda ya jona shi zai ga komai. Minti ɗaya daga ciki ya hau TikTok, ana iya rasa aure a kansa, kuma mun ga irin haka ta faru da mutane.

Don haka babu faifan da yake fita daga shagona sai a kulle. Cikin manhajojin kulle faifai, BitLocker yana cikin Windows Pro, VeraCrypt kuma kyauta ne. Wanda ya tsinci faifan ba zai ga komai ba sai buƙatar kalmar sirri. Yayana bai san abin da ke ciki ba, abokina na Kaduna ba zai iya buɗe nawa ba, ni ma ba zan iya buɗe nasa ba, kuma wannan ne ya sa musayar ta yi mana daɗi, babu zargi. Abin da zai hau intanet ma a kulle yake hawa. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun Yunin 2023, amma ni tun kafin doka, kunyar haɗa ido da mahaifin amarya ta ishe ni. Sai dai kullewa tana da nata haɗarin: in kalmar ta ɓace, babu injiniyan da zai buɗe maka. Na rubuta tawa a takarda, na sa a ambulan na liƙe, tana wurin mai ɗakina tare da takardun gida, kuma na gaya mata abin da za ta yi da ita in ta Allah ta kasance, domin masu bukukuwan nan suna da haƙƙi a kan abin da ke ciki ko ba na nan.

Lokaci-lokaci, idan aiki ya yi sauƙi kamar cikin azumi, nakan ɗauko tsohon faifai in jona, in buɗe bidiyo daga farko, tsakiya da ƙarshe, in kuma sauke wani abu daga rumbun intanet in ga ya buɗe. Faifan da ya fara ƙara ko jinkiri, ko ya kai shekara biyar, sai in kwashe shi zuwa sabo tun yana iya karantuwa.

Ba zai yiwu in riƙe komai har abada ba, kuma gara a faɗa wa mutane gaskiya tun farko. A takardar da nake ba masu biki na rubuta cewa ɗanyen aiki shekara ɗaya nake riƙe shi, wanda aka tace kuma ina ajiye shi muddin ina sana'ar. Mai son ɗanyen ya kawo faifansa in zuba masa. Ranar karɓar aiki nakan ba da filash biyu. Wata uwar amarya ta ce min, "Ɗan nan, biyun na mene ne, ai ɗaya ya isa." Na ce, "Hajiya, ɗaya na ɗakin amarya ne, ɗayan ki ajiye a naki. Kada ki ba ta duka." Na ƙara mata da cewa filash ba abin dogaro ba ne na shekaru masu yawa, idan an kwana biyu a sa wani daga cikin yaran gida ya kwafe shi a kwamfuta ko a sabon filash. Kuɗin filash na biyun da na faifan ajiya duk ina sa su a cikin kuɗin aiki, a rubuce, layinsu daban, don mai biki ya ga abin da yake biya.